Tarin Inna da Shayin Caina

Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta yadda aka yi. Masu zuwa ta'aziyya sun ji labari iri ɗaya, wanda yayana ya tsara musu: hawan jini ne, kwana ya ƙare. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar tsakiyar labarin a aljihunsa. Ni zan fito da shi, ko da yake ni zan fi kowa shan kunya, domin na san akwai gidaje a cikin birnin nan da har yau ake tafasa abin da muka tafasa.

Sunana Ladidi, ni ce autar Inna. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu a Limancin Kona, ina ɗinkin hula ina kula da ita. Inna malamar matan aure ce. Kullum da hantsi mata suke cika tsakar gidanmu, ta yi musu ƙari, ta gyara musu harafi. Tana da kaifin harshe, kuma tana iya haƙuri da daƙiƙiya shekara goma, amma maƙaryaciya ba ta kwana biyu a gabanta. Ta daɗe da hawan jini, ƙwaya ɗaya take haɗiya kowace safiya. Bayan babbar sallah aka canza mata ƙwayar a asibiti saboda tsohuwar tana kumbura mata ƙafa. Ba mu ɗauki canjin a bakin komai ba.

Tarin ya fara kamar wasa. Busasshe ne, babu majina, babu zazzaɓi, ta ce ji take kamar ƙaiƙayin gero ya maƙale mata a wuya. A mako na biyu ya kai ba ta iya kai aya ƙarshe. Za ta ɗauko karatu da muryar nan tata mai cika gida, sai tari ya tsinke shi a tsakiya, ta yi ta yi har hawaye su zubo, mata kuma su sunkuyar da kai suna jira. Dangi suka fara aikinsu. Gwaggo Hanne, ƙanwar babanmu da ke Kusfa, ta aiko da zuma da kanumfari. Wata ta ce man shanu da citta, wata ta ce a turara mata habbatus sauda. Duk mun yi, tari na nan.

A mako na uku aka fara raɗa cewa tarin fuka ne. Babu wanda ya faɗa a gabanmu, amma na ga ɗalibai sun fara zuwa da ruwansu a roba, mutanen da a da suke rige-rigen shan ragowar ruwan Inna don tabarruki. Wata rana wata amarya ta janye ɗanta daga kusa da ita, ta rufe masa hanci da mayafi. Inna ta gani. Ta rufe littafi ta ce a tashi, kuma ba a sake zama ba.

Muka je asibiti. Mun fita bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Aka ba ta ɗan kwano aka ce ta tofa kaki. Wane kaki? Ta yi ta ƙoƙari a bayan gini, tsohuwa mai shekara saba'in, wani ma'aikaci yana ce mata, "Hajiya, ki yi da gaske mana, akwai mutane a bayanki." Aka ɗauki hoton ƙirji, ya fito fes. Likitan da ya duba hoton bai ɗago kai ya dubi mai ƙirjin ba, ya rubuta maganin tari na kwalba da kafso, ya ce na gaba. Bai tambayi abin da take sha kullum ba. Ni ma ban faɗa ba, alhali katinta na hawan jini yana cikin jakata. Muka shanye kwalba, muka koma, aka ƙara mana wata. Haka muka kai mako shida.

Ana cikin haka Yaya Alhaji ya dawo daga ƙasar Sin, inda yake zuwa saro kayan babur. Shi ne ɗan fari, don haka tsakaninsa da Inna akwai kunyar nan da muka tashi muka tarar. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce “yayanku”. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta gardama da shi, ba ta mayar da abin da ya kawo. Idan ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki, duk maganar da ta wuce gaisuwa ta bakina take bi. Ni ce gadar da ke tsakaninsu, kuma ta nan ɓarnar ta shigo.

Ya zo da kwalba biyu na wani abu baƙi mai kauri kamar maɗi, da ƙunshi-ƙunshi na busassun kaya: wata saiwa rawaya da aka yanka sala-sala, ganye, wasu farare ƙanana kamar ɓawon tafarnuwa, da wasu 'ya'yan itace. Babu harafi ɗaya a jikin takardar da za mu iya karantawa.

"Wannan ba irin tarkacen da ake sayarwa a mota ba ne," in ji shi. "Shago ne guda, bango duk durowa, mai shi da farar riga. Mutanen nan sun yi shekaru dubbai suna shan abin nan. Ke kin taɓa ganin ɗan Caina yana tari?"

Ni da ban taɓa ganin ɗan Caina ba sai a gefen titi ana aikin hanya, me zan ce? Na tambaye shi yadda suka fahimci juna da mai shagon. Ya ce ta waya, ya yi magana wayar ta fassara: uwata tana busasshen tari. Abin da ya faɗa ke nan, babu ƙari.

Sannan ya kafa sharaɗi. Ba mai shagon ne ya faɗa masa ba, daga gida ya ɗauko shi, irin abin da kowa ya sani idan za a sha sassaƙe ko jiƙo: ba a haɗa magani biyu, ɗaya yana kashe ɗaya. Na asibiti ya tsaya. Inna tana ji daga ciki.

"Ladidi, gaya wa yayanku likita ya ce ni da ƙwayar nan sai kabari."

Na maimaita masa kamar bai ji ba. Na rako shi zaure.

"Ke kike zaune da ita," ya ce. "Mako shida ba ki iya komai ba sai kai tsohuwa ta bushe a layi. Na ɗauko magani daga wata duniya na kawo har gida, shayar da shi ma ya gagare ki? Ki san yadda za ki yi."

Maganar ta yi mini ciwo, kuma gaskiya na gaji. Na gaji da tarin, na gaji da kallon da ake mana a lungu, kuma ina so sau ɗaya a ce Ladidi ta yi wani abu. Washegari na yi shirin fita, na ce zan je in tambayi likita. Na shiga gidan maƙwabciyarmu Asabe mai waina, na zauna awa uku ina taya ta hira, na dawo na ce likita ya ce a huta da ƙwayar wata ɗaya.

Inna ta daɗe tana kallona. "Shi ya ce?"

"Shi ya ce, Inna."

"To. Ke dai ba kya yi mini ƙarya."

Na jefa ƙwayar cikin gwangwanin zarena. Safe da yamma nake tafasa kayan, in tace, in ƙara mata cokali biyu na baƙin maɗin. Shayin yana da zaƙi mai daɗewa a baki, Inna ta so shi. A mako na farko tari ya ragu. Kafin mako na uku ya cika ya ɗauke ɗif, kamar an zare shi da hannu.

Wa zai yi gardama da abin da ido ya gani? Ɗalibai suka dawo, har da amaryar nan mai mayafi, ta zo tana dariya kamar ba ita ba. Inna ta ja doguwar sura daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba, wasu suka yi ta share hawaye. Ni kuwa na zama mai wa'azin shayin Caina. Duk wadda ta shigo sai na nuna mata ƙunshin, in ce asibiti sun yi mako shida sun gaza, wannan kwana ashirin ya gama. Yaya ya yi waya a ƙaro masa kaya. Wata rana a gaban mata Inna ta ce, "Allah Ya yi wa yayanku albarka," abin da ban taɓa jin ta furta a bainar jama'a ba. Ni mai hura wuta ba a ambace ni ba, kuma na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Da wata ya cika ta ce in kawo mata ƙwayarta. Na ji tsoron kada tari ya dawo a ce ni na ɓata magani, sai na ce likita ya ƙara wata guda. Ƙarya ta biyu ba ta yi mini nauyin ta farko ba. A lokacin ta fara kukan ciwon kai ta ƙeya, ƙafafu suna yi mata sanyi, wani lokaci jijiya ta ɗaure. Gwaggo Hanne ta ce magani ne yake koro cuta ta ƙasa, alamar yana aiki. Jin haka na ƙara yawan saiwar a tukunya.

Ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar karatu, littafi ya suɓuce daga hannun Inna. Ta buɗe baki za ta yi magana, bakin ya karkace, ta zame ta gefen dama. Mota ba ta shiga lungunmu, ko a-daidaita-sahu ba ya shiga. A cikin bargo mazan unguwa suka ɗauke ta har bakin titi, matar da ko tafin ƙafarta ba su taɓa gani ba. A asibiti nas ta auna jininta, ta sake aunawa, ta aika a kawo wani ma'auni don ta zaci na farko ya lalace.

Likitar da ta karɓe mu 'yar Wusasa ce, mace mai natsuwa, Allah Ya saka mata. A kwana na uku ta zo bakin gado, ni da Yaya muna tsaye. Ta ce ɓarin jiki na dama ya shanye, magana ta tafi, kuma Inna ba ta ganin abin da ke gefen damanta, amma tana ji, tana kuma fahimtar komai. Sannan ta tambaya.

"Mama tana shan maganinta na hawan jini?"

Yaya ya ciro waya yana dubawa. Idon Inna a buɗe yake, a kaina.

"Ta yi kusan wata biyu ba ta sha ba," na ce.

"Wa ya ce ta daina?"

Na ce, "Ni ce. Na ce mata likita ne ya ce."

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in kawo duk abin da ake ba ta, da ƙwayar da na ɓoye. Da na kawo ta ɗauki hoton takardun, ta kai wa masu haɗa magani suka duba, ta dawo da la'asar. Ta ɗaga ƙwayar ta ce, "Malama, wannan ce take sa ta tari. Sananne ne, irin wannan ƙwaya tana sa wasu busasshen tari. Da an lura, canza mata wata za a yi, shi ke nan. Ranar da kuka fara shayi ita ce ranar da kuka cire abin da ke sa tarin. Ko ruwan zafi kuka ba ta, da ya tafi."

Sai ta ɗauki saiwar rawaya. Ta kira ta likoris, sunan da har in mutu ba zan manta ba. Ta ce tana cikin yawancin haɗin tari na mutanen can, kuma idan aka daɗe ana sha da yawa tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ta hau da jini, ta kashe ƙarfin gaɓoɓi. Wato da hannu ɗaya na janye abin da ke sauke jinin Inna, da ɗayan ina ɗura mata abin da ke ɗaga shi, safe da yamma, da bismilla.

Na tambaye ta ko ke nan duk maganin nasu ƙarya ne. Ta ce ba ta faɗi haka ba. Baƙin maɗin yawancinsa zuma ne da sukari da ganye, yana lafar da maƙogwaro na ɗan lokaci, kamar yadda zumarmu take yi. An gwada wasu daga cikin haɗe-haɗen, amma yawancin gwajin a kan mutane kaɗan aka yi, na ɗan lokaci, kuma da yawa ba a yi su yadda za a bambance aikin magani da tarin da dama zai tafi da kansa ba. Ta ce ko masu wannan sana'a na ƙwarai a can sai sun ga mara lafiya sun yi masa tambayoyi kafin su haɗa masa, ba sa ba wa wanda ba su gani ba. "Tari ba cuta ɗaya ba ne," in ji ta. "Kuma don mutum ya sha abu ya warke, ba a cewa abin ne ya warkar da shi sai an san me kuma ya canza a ranar."

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Idan tsohonku yana busasshen tari, ku kwashi duk ƙwayar da yake sha ku zube a gaban likita, ko bai tambaya ba, ko bai ɗago kai ba. Kada ku tsayar da maganin hawan jini don wani jiƙo, na gida ko na Caina. Ni na ga tari ya tafi da idona, na rantse a kansa, kuma ban san abin da na gani ba.

A farfajiya Yaya ya tare ni. Ya ce, "Ni cewa na yi a dakata na ɗan lokaci. Ban ce ki yi mata ƙarya ba." Kafin yamma dangi duk sun ji cewa Ladidi ta hana uwarta magani wata biyu. Babu wanda ya ji labarin saiwa. Gwaggo Hanne, wadda ta ce magani na koro cuta, ta zo ɗakin marasa lafiya ta ce a gaban mutane, "Wasu 'ya'yan haihuwarsu jarrabawa ce." Kayan da Yaya ya yi oda sun iso, kuma bai zubar ba, ya miƙa wa wani abokin kasuwancinsa a wani gari.

Bayan mako uku aka sallame mu. Ni nake mata wanka, ni nake juya ta, ni nake kwashe abin da ba a faɗa, kuma duk ta bari saboda ba ta da yadda za ta yi. Abu ɗaya ya rage a ikonta, bakinta. Ranar farko da na kawo kunu na kai cokali, ta datse haƙora ta rufe ido. Na yi magiya, na yi kuka, na ce ta yafe mini. Ba ta buɗe ba. Asabe ta shigo ta karɓi kofin, Inna ta shanye tas, har da sabuwar ƙwayar da aka daka a ciki.

Asabe ta yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba, amma tana da tanda da 'ya'ya, sau ɗaya take iya zaman ba ta abinci a rana. Inna ta fara ramewa, ƙashin wuya ya fito. Yaya yakan zo ranar Juma'a ya durƙusa a ƙofa, ya ajiye ledar lemo, ya ce a ƙara kula da ita.

Sai na tuna ba ta gani ta dama. Na roƙi Asabe ta ba ni mayafinta, wanda ya sha hayaƙi da man waina. Da safe kafin ta ɗora tanda takan leƙo ta yi sallama da ƙarfi, "Inna, ga ni na zo, bari in ba ki kunu," sannan ta sulale, ni kuma in lulluɓa in zauna ta gefen dama, bakina a rufe. Inna ta buɗe baki. Haka muka yi da yamma ma. Na san me nake yi, na san wadda nake yi wa, amma ban ga wata hanya ba.

Mako uku dabarar tana ci. Ta ɗan murmure, fuska ta ciko. Wani lokaci idan ta ƙoshi takan miƙo hannun hagu ta ɗan bubbuga hannuna ta saman mayafi. Godiyar Asabe ce, amma ni nake karɓa, in fita bayan ɗaki in yi kukana.

Wata safiya ana soya barkono a gidan da ke bayanmu, iska ta kwaso shi ta taga. Na ji ƙaiƙayi ya kama mini maƙogwaro. Na haɗiye, na danne, na cije leɓe har idona ya kawo ruwa. Ya ƙwace. Sau ɗaya kawai na yi tari, ɗan ƙarami.

Inna ta daina motsa baki. Ta yi shekara arba'in da uku tana jin tarina. A hankali ta juyo da kanta gaba ɗaya, abin da ban san tana iyawa ba, har idonta mai gani ya sauka a kaina, cikin mayafin Asabe. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki kunun da ke bakinta ya gangaro ta gefe, ya zuba a kan matashi.

Da azahar Asabe ta zo da kanta, ta zagaya ta hagu, ta nuna fuskarta, ta ce, "Inna, wallahi ni ce." Ita ma Inna ta ƙi buɗe mata baki. Gwaggo ta gwada, matar Yaya ta gwada, ɗalibanta suka gwada. Muka koma asibiti aka sa mata robar abinci ta hanci, ta fizge da hannun hagu, aka mayar, ta sake fizgewa. Kullum da safe ina durƙusawa inda za ta gan ni in ce, "Inna, ki yafe mini." Kullum tana rufe ido har sai na tashi.

Ta cika ranar Talata bayan la'asar, kwana goma sha biyu bayan tarin nan nawa. Gwaggo Hanne ta ce ba zan shiga wankan gawa ba, don haka a bakin ƙofa na tsaya ina miƙa ruwa. Asabe ce ta ɗaure mata haɓa. Da ta fito na tambaye ta yadda ta ga fuskarta. Ta ce ɗaurin bai ba ta wahala ba, bakin a rufe yake gam.